Idan Suka Tambaya, Mu Ce Nima

 Bana mu 'yan ajin ƙarshe aka ba wa wannan shafi, aka ce mu faɗi abin da ke ranmu kafin mu fita. Waɗanda suka gabace mu sun yi rubutu kan ladabi da falalar ilimi, kuma sun kyauta. Mu dai abin da ke ranmu waya ce. Ba wadda Malam yake ƙwacewa a aji ba, a'a. Wayar nan da ake yi wa mutum bayan ya tura takardar neman aiki, kafin a ce ya zo ofis a gan shi. Yawancinmu baɗi za mu cika shekara 18, kuma ba dukanmu ne za mu wuce jami'a ba. Wannan kiran yana jiran mu a gaba, kuma babu wanda ya taɓa koya mana yadda ake amsa shi.

Ga abin da ya tayar da maganar. A gidanmu na Maamobi akwai yayanmu, ya gama sakandare, ya sauke Alƙur'ani a nan makarantar, wasunku sun ci shinkafar walimarsa. Ya tura takardu wurare da yawa, har da wani kamfani a hanyar Spintex da ke neman mai kula da sito. Makonni suka wuce shiru. Ran nan yana cikin trotro daga Circle sai baƙuwar lamba ta shigo. Ya ɗauka da irin muryar da yake amsa wa abokan ƙwallo. Ashe wata mata ce daga kamfanin, ta tambaye shi ko yana da minti goma. Tsoron kada dama ta wuce ya sa ya ce e, alhali yaron mota yana ta ihun kiran fasinja a kunnensa, ga mai tallan maganin basir ya miƙe tsaye yana wa'azinsa. Ta ce wane aiki ya nema a wurinsu? Ya manta, don takardun sun yi yawa. Ta ce a ina yake zaune? Ya ce Kanda. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce amma a takardarsa Maamobi ya rubuta. Ko minti biyar ba a yi ba ta yi masa godiya ta kashe. Ba ta sake kira ba.

Da dare a tsakar gida kowa ya ba shi haƙuri da magana ɗaya: don sun ji ɗan Zango ne. Mma ta faɗa, Kawu ya faɗa. Shi kuwa Yaya ya girgiza kai ya ce, "Ku bar matar nan, ni na kayar da kaina." Muka kawo labarin aji, muka yi ta gardama a kai har aka kira Magariba.

Mu fara gane wane ne yake kira. Galibi ba mai kamfanin ba ne, ba kuma wanda za ka yi aiki a ƙarƙashinsa ba. Ma'aikaci ne da aka ɗora wa tulin takardu aka ce ya rage su. Aikinsa tankaɗe ne, kamar yadda ake tankaɗe garin tuwo. Bai fara neman gwani ba tukuna, dalilin soke suna yake nema. Yana so ya ji ko kai ne ka rubuta takardar, ko ka san aikin da ka nema, yaushe za ka iya farawa, nawa kake so, daga ina za ka riƙa zuwa, kuma za a iya barin ka ka yi magana da mutane da sunan kamfanin? Masu nema kuwa ba sai an gaya mana yawansu ba. A Nuwamban 2025 mutum 6 suka rasu a turmutsitsi a filin wasa na El-Wak, nan kusa da mu, wajen tantance masu neman shiga soja. Allah ya ba iyalansu haƙuri. A ƙasar da ake mutuwa a layin neman aiki, wanda aka ɗauki waya aka kira shi da sunansa bai kamata ya yi wasa da minti goman nan ba.

To, maganar Nima. Ba za mu yaudari kanmu ba, ƙyamar tana nan. Mun san direban da ya ji inda za shi da dare ya ce motarsa ta lalace. Mun san yadda sunan unguwarmu yake fitowa a rediyo idan an yi faɗa, amma idan yarinya ta ci jarrabawa da kyau sai a ce 'yar Accra ce. Shi ya sa yayyenmu da yawa suka koyi cewa Kanda, ko Kokomlemle, ko New Town. Ba ma zaginsu. Wanda ya shekara biyu yana zaune a benci yana jiran waya, ga ƙanne suna kallonsa, shi ya san abin da yake ji. Wani a ajinmu ya ce mana, "Ku da ba ku fara nema ba ai sai ku yi ta wa'azi." Gaskiyarsa. Duk da haka mun tsaya a kan cewa ɓoyewar kuskure ce, kuma ga dalilanmu.

Ita wannan ƙaryar ba ta da tsawon rai. Tun 2017 aka shigo da adireshin GhanaPost GPS, kuma fom ɗin aiki da yawa yanzu yana neman sa. Ranar da aka ɗauke ka za a ce ka kawo wanda zai tsaya maka. Wa za ka kawo? Malaminka, ko limamin unguwa, ko kawunka mai shago a kasuwar Nima. Dukansu adireshinsu zai tona ka. Sai mutumin da aka ɗauka don ya riƙe makullin sito ya zama abu na farko da aka sani game da shi shi ne ya yi ƙarya a tambaya mafi sauƙi. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Kuma mu tambayi kanmu, me ya sa ma ake tambayar inda mutum yake zaune? Sau da yawa ba asalinka ake bincika ba, makara ake tsoro. Duk mai ɗaukar ma'aikata a garin nan ya san abin da cunkoson mota yake yi wa wanda ke fitowa daga Kasoa ko Adenta ko Amasaman, mutum ya tashi tun kafin asuba ya iso a gajiye. Mu kuwa a tsakiyar gari muke. Daga Nima ana taka ƙafa zuwa Kanda da 37, ga Ridge, ga Cantonments, ga unguwar Airport, ga Circle, duk a gefenmu. Abin da Yaya ya ɓoye shi ne abin da ya fi sauran masu nema da shi! Da ya ce, "Ina Maamobi, mota kaza nake shiga zuwa wurinku, kuma na saba fita bayan sallar asuba," da ya amsa tambayar da ke ranta tun kafin ta yi ta.

Idan kuma aka yi rashin sa'a wurin yana daga cikin masu jin Nima su ajiye waya, to me aka rasa? Kundin tsarin mulki na 1992 ya hana nuna bambanci saboda addini ko ƙabila, dokar ƙwadago ta 2003 ma haka ta ce wa masu ɗaukar aiki. Mun san doka a takarda daban, abin da ake yi a waya babu shaida daban. Amma wurin da ya ƙi ka don unguwarka a waya, ba zai so ka ba ranar da ya gane. Gara ka sani tun ba ka kashe kuɗin mota ba.

Akwai kuma abin da ya fi damun mu. Idan duk mai hankali da natsuwa ya ce shi ɗan Kanda ne, wa aka bar wa sunan Nima? An bar wa masu faɗa ke nan, sai ƙyamar ta ƙara ƙarfi a kan ƙannenmu. Unguwar nan ba jiya aka kafa ta ba. Tun farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sami filin daga iyalan Odoi Kwao, mutane suka taru daga Arewa da ƙasashen maƙwabta, suka yi dako da gadi da fatauci da aikin soja, da guminsu aka gina Accra, ko Ankara inji kakanninmu. Mohammed Kudus a nan ya fara buga ƙwallo, ya je Ajax, ya je Ingila, ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo 2 a gasar cin kofin duniya ta 2022, kuma ko'ina aka miƙa masa makirufo Nima yake cewa. Kai, tsohon shugaban ƙasa Nana Akufo-Addo ma gidansa a Nima yake, ba mu taɓa jin ya ce Kanda ba.

Amma fa faɗin gaskiyar adireshi kaɗai ba ya ba da aiki. Abin da ya fi kayar da mu, a ganinmu, kunya ce. An rene mu a kan kada yaro ya yabi kansa, kada ya tsawaita magana gaban babba, ya sunkuyar da kai ya ce to. A gaban Malam wannan ado ne, don yana ganin fuskarka, ya san ladabi ne. A waya babu fuska. Wadda ta kira ba ta ganin ka durƙusa, shiru kawai take ji, sai ta ɗauka ko sabis ne ya ɗauke ko ba ka san komai ba. Tambayar da kusan kullum ake fara yi ita ce ka ba da labarin kanka, mu kuma sai mu faɗi suna da shekaru mu tsaya.

Mun kai wa Malam wannan, muka ce ashe faɗin abin da mutum ya iya ba fahari ba ne? Ya tuna mana da abin da muka karanta da bakinmu. Annabi Yusuf, alaihis salam, shi da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalilinsa, cewa zai tsare kuma ya san aikin. A ƙissar Annabi Musa a Madyana ma, da 'yar dattijon ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, ƙarfi da amana ta ambata, bayan an ga aikinsa a bakin rijiya. Ke nan faɗin gaskiya game da kanka lokacin da aka tambaye ka ba girman kai ba ne. Girman kai shi ne ka faɗi abin da ba ka da shi.

Kuma wallahi muna da abin faɗi, mu ne ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Yarinyar da ta shekara uku tana riƙe wa Mma lissafin waake, tana sanin bashin kowa da canjin kowa ba a taɓa samun giɓi ba, ta iya riƙon kuɗi. Wanda yake zama a rumfar MoMo ta yayansa ya san hulɗa da mai fushi da mai gaggawa. Wanda Malam yake bar wa ƙananan yara talatin ya biya musu karatu ya san jan ragama da haƙuri. Ga harsuna. Ɗan Nima na yau da kullum yana jin Hausa da Twi da Turanci da Buroka, wani ya ƙara da Ga, ko Zabarmanci, ko Kotokoli, ko Dagbanci, ko Fillanci, wani da Faransanci, mu kuma ga Larabci a kai. A shago ko asibiti ko wurin amsa kiran abokan ciniki wannan dukiya ce. Amma sai mu bar ta a aljihu, har wasu suna share shekarun makaranta daga takardarsu, su bar giɓin da za a tambaye su su rasa amsa. Don me? Ka ce ka haddace abin da ka haddace, ka yi shekara kaza ba ka makara ba. Mai hankali zai gane irin naci da wannan yake buƙata.

Turancin ma a yi masa adalci. Buroka ba abin kunya ba ce, amma ba wurinta ba ke nan. Mu da aka koya wa ba kowane harafi haƙƙinsa, aka sa mu maimaita harafi ɗaya har maƙogwaro ya bushe, bai kamata mu riƙa haɗiye rabin kalma a waya ba. A yi a hankali, a fitar da ita. In ba ka ji tambaya ba ka ce a maimaita, babu wanda aka taɓa kora don wannan. Doguwar gaisuwarmu ta ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, a ajiye ta sai an dawo gida. Gaisuwa ɗaya, sai sunanka. In an ce yaushe za ka iya zuwa, ka ce in sha Allah, amma ka haɗa da rana da lokaci. In sha Allah tsurarta, a kunnen wanda ba mu ba, tana nufin ba ka da tabbas.

Sauran shirin ƙanana ne, kuma su ne suka kayar da Yaya. Littafi ɗan ƙarami a aljihu, a rubuta duk inda aka tura takarda, da sunan aikin, da ranar, da abu biyu ko uku game da abin da kamfanin yake yi. Lambar da ka bayar ta zama tana hannunka, da caji, don mun san halin wutarmu. A dubi waƙar da mai kira yake ji kafin ka ɗauka, a dubi hoton WhatsApp. 'Yan'uwa mata da suka ba da lambar Mma, ku gaya mata, kada baƙuwar murya ta yi Turanci ta ce ba ta san zancen ba ta kashe. Sannan wurin shiru, wanda a gidan haya na Zango ya fi zinariya tsada, ga turmi, ga rediyo, ga yara, ga babur. Idan kiran ya same ka a mota ko a kasuwa, ka yi godiya, ka ce kana wurin hayaniya, ka roƙi a ba ka minti goma ko a sa lokaci. Wannan ba raini ba ne. In kai aka ba zaɓi, kada ka zaɓi dab da Azahar ko La'asar, don lasifikan masallatanmu ba sa jiran kowa ya gama waya.

Tambayar albashi kuwa, kada a ce "duk abin da kuka bayar". A 2025 mafi ƙarancin ladan yini da gwamnati ta tsayar sidi 19.97 ne, kuma kowa ya san inda wannan zai kai mutum a garin nan. Ka zauna tun a gida ka lissafa kuɗin mota da na abinci na wata, ka tambayi wanda yake irin aikin, ka riƙe adadi a kai. Ka tambaya ko suna biyan SSNIT. A doka mai aiki yana zuba kashi 13 cikin ɗari, ana cire kashi 5.5 daga albashinka. Wurin da ya fara kame-kame a kan wannan ya gaya maka halinsa.

Inda ba mu daidaita ba a aji shi ne Juma'a da hijabi. Wasu 'yan'uwa mata sun ce a bari sai an je ofis, in sun gan ka sun gamsu da kai sun fi sauƙin yarda. Hujja ce mai ƙarfi. Mu dai mun fi karkata ga a taɓo ta a ƙarshen kiran, lokacin da aka ce kana da tambaya. Ka tambayi lokutan aiki da kayan da ake sawa, in ka ga za a yi karo ka faɗa cikin ladabi tare da mafita, misali hutun cin abincinka na Juma'a ya zama lokacin masallaci. Wanda ya fi mu sani ya gyara mana.

Kalma ɗaya kan 'yan damfara, don su ma waya suke yi, kuma muryarsu ta fi ta masu gaskiya daɗi. Kamfanin da zai ba ka albashi ba ya cewa ka fara tura masa kuɗin fom ta MoMo zuwa lambar wani mutum. Ba ya neman lambar sirrinka ko lambar da ta shigo maka ta saƙo. Mai cewa yana da hanya a soja ko kwastan, a kawo kaza, a guje shi. Dillalin aiki na gaske yana da lasisi daga Sashen Ƙwadago, da ofis da za ka iya shiga da ƙafarka, da rasit. Masu alkawarin aiki a ƙasashen Larabawa a ƙara yi musu bincike. Ba a banza gwamnati ta dakatar da kai 'yan aikin gida can a 2017 ba, kuma akwai gidaje a unguwar nan da suka san dalili.

Roƙonmu ga malamai da kwamitin iyaye ƙarami ne. A da kakanninmu sun ji tsoron karatun boko, har aka zo aka kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta Ghana a 1987, aka haɗa Larabci da Turanci a rufi ɗaya, ga mu mun amfana. Yanzu a ƙara mana awa ɗaya a wata. Tsofaffin ɗaliban makarantar nan da suke aiki a banki da asibiti da kamfanonin waya su zo, su zauna a ɗaki na gaba, su kira 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya kamar da gaske, sannan su faɗa musu inda suka yi tuntuɓe. Kuma a bar mana aji ɗaya a buɗe da hantsi, duk ɗan unguwa da aka sa wa lokacin kira ya zo ya zauna a shiru.

Mun gwada a tsakaninmu ranar Asabar da ta wuce. Gwanin tilawarmu, wanda in ya buɗe baki a musabaƙa masallaci yake yin tsit, da aka ce ya ba da labarin kansa sai ya ce, "To... ni dai... Alhamdu lillahi," ya tsaya. Muka yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi. A zagaye na uku sai ga shi ya yi minti ɗaya cur yana magana, har ya tuna shi yake rubuta wa babansa lissafin buhunan albasa.

Shi kuwa Yaya an sake kiran sa makon jiya daga wani wuri dabam. Yana bakin famfo da bokiti. Ya nemi minti goma, ya bar bokitin a layi, ya sheƙa da gudu zuwa nan, Malam ya miƙa masa makulli. Da aka zo kan inda yake zaune ya ce Maamobi. An ce ya je ranar Alhamis ƙarfe tara. Ya riga ya karɓo aron takalmin Kawu, ya ɗan yi masa yawa, ya cusa takarda a gaba. Ku sa shi a addu'a.